Sara da tsigar gashi a garken kajin gida: dalilai da hanyoyin magancewa

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani bisa wata matsala da ke bayyana idan an tsare kajin gida a wuri ɗaya, wato sara da tsigar gashi da cin juna. Mun nuna cewa abin da masu kiwo ke kira faɗan kaji halaye ne guda biyu masu asali daban: saran girma, wanda ke shirya zaman garke kuma yake lafawa da kansa, da tsigar gashi, wadda ƙoto ne da ya rasa wurin sauka. Daga nan mun kawo hanyar rarrabe su, da matakan da suka dace da gidajen kudancin Nijar.

1. Gabatarwa

Ƙidayar noma da dabbobi da aka yi a Nijar tsakanin 2005 da 2007 ta samu tsuntsayen gida sama da miliyan 12. Fiye da rabinsu kaji ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuma zabi. Akasarinsu a sake suke: suna fita da safe, su yini suna tono a bola da gindin rumbu da turken awaki, su koma akurki da magariba. A irin wannan kiwo an san faɗan zakaru, an san uwar ƴan tsaki mai zafin rai, amma da wuya a ga kaza ta tsige ƴar'uwarta har jini ya fito.

Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka rufe su, kuma dalilan rufewa suna da yawa. Da damina ana tsare kaji don kada su tone shuka. A unguwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai fili ya ƙuntata, ga ɓarayi, ga ƙorafin maƙwabta. Wasu kuma sun sayi kajin ƙwai na waje, irin su ISA Brown, waɗanda ba a saki. Matar da ta zuba jarinta cikin kaji 20 tana iya wayar gari ta tarar da ɗaya a mace da hanjinta a waje, bayan kwana biyu kuma wata. Ko ba a kai ga mutuwa ba, kazar da ke cikin tsoro ba ta kusantar abinci, ƙwanta yana raguwa, wadda aka tsige kuma tana ƙara cin abinci a lokacin ɗari don ta ɗumama jikinta. Shawarar da aka fi bai wa irin wannan mata ita ce ta yanke bakin kajin ko ta yanka "muguwar" da ke cikinsu. Za mu nuna cewa wannan shawara tana barin tushen matsalar yadda yake.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

A Faransanci ana yawan tara waɗannan halaye duka a ƙarƙashin kalmar picage. Hausa tana da kalmomin da suka fi rarrabewa, kuma da su za mu yi aiki.

Ƙoto shi ne yadda kaza ke kai baki ƙasa tana tsintar abinci, galibi haɗe da tono.

Sara shi ne kai baki da ƙarfi ga wata kaza da nufin korarta. Yana sauka a kai, ko a tsoro, ko a ƙeya.

Tsigar gashi ita ce kama gashin wata kaza a ja shi har ya fita, wani lokaci a haɗiye shi. Tana sauka a gadon baya, da gindin wutsiya, da cinyoyi, da ciki.

Cin juna shi ne ci gaba da kai baki ga fatar da ta buɗe ko ga dubura, har a ci nama.

A 1995 C. J. Savory, wani mai bincike a Sikotlan, ya raba waɗannan halaye gida biyar: saran faɗa, tsiga mai sauƙi wadda ba ta cire gashi, tsiga mai tsanani, saran fatar da ta tsiraita, da saran dubura. Rabe-rabensa ya samu karɓuwa, kuma amfaninsa shi ne ya raba na farkon da sauran huɗun.

3. Saran girma

Masanin dabbobi ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ne ya fara bayyana tsarin girma na kaji, cikin aikin da ya wallafa da Jamusanci a 1922. Ya lura cewa a ƙaramin garke kowace kaza ta san wadda za ta iya sara da wadda za ta kauce wa. Ta sama tana fara ci, tana zaɓen wurin kwana. Ta ƙasa tana jira. Zakaru suna da nasu jerin, kaji mata suna da nasu. A shekarun 1950 A. M. Guhl na jami'ar jahar Kansas a Amurka ya nuna cewa da ido kaji ke gane juna, musamman ta siffar kai da tsoro, har idan aka sauya kamannin kan kaza sai ƴan garkenta su ɗauke ta baƙuwa. Ya kuma nuna cewa jerin yana fara kafuwa tun ƴan tsaki suna da makonni 6 zuwa 10, mazan suna riga matan.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsari yana rage faɗa. Da zarar kowace ta san matsayinta, ɗaga kai ko taku ɗaya ya isa ta ƙasa ta matsa. Faɗa yana dawowa ne idan jerin ya rushe: an kawo baƙuwa daga kasuwa, an yanka babban zakara don saukar baƙo, ƴan zakaru sun balaga, ko an mayar da kazar da ta yi makonni biyu zuwa uku a ware, wadda sauran suka manta da ita. Irin wannan rikici yakan lafa cikin kwanaki kaɗan, da sharaɗi ɗaya: wadda aka rinjaya ta samu inda za ta gudu. A tsakar gida tana zagaya rumbu ta ɓace. A akurkin da ba shi da lungu kuwa tana nan gaban wadda ta kore ta, ita kuma tana ganin kamar an ƙi ba ta girma, sai ta ci gaba da sara.

4. Tsigar gashi

Tsigar gashi ba ta bin jerin girma. Kaza ta ƙasa tana iya tsige ta sama, kuma mai tsigar ba ta nuna alamar fushi: tana matsowa a hankali ta baya, ta ja gashi, ta dube shi kamar yadda take duban ƙwaro. Wannan ne ya sa masu bincike suka nemi asalinta a wajen neman abinci.

A 1989 Marian Dawkins ta jami'ar Okusfod ta ƙidaya yadda kajin dajin Asiya, waɗanda su ne kakannin kajin gida, ke raba yininsu. An ga suna ƙoto a cikin kashi 60 bisa ɗari na mintocin da suke a farke, suna tono a cikin kashi 34, alhali ana ba su abinci a kai a kai. Ke nan ƙoto buƙata ce da ba ta ƙarewa da ƙoshi. Kazar da aka rufe bisa daɓen siminti, aka zuba mata abinci a kasko, tana cika cikinta cikin ɗan lokaci, sauran yinin kuwa bakinta ba shi da aiki. Abin da ya rage a gabanta mai motsi, mai kama da abin tsinta, shi ne gashin ƴar'uwarta.

H. J. Blokhuis a Holan ya gwada wannan a shekarun 1980: kajin da aka ajiye bisa daɓen da ba shimfiɗa sun fi tsigar juna, kuma duk inda ƙoton ƙasa ya ragu, tsiga ta ƙaru. A 1997 Huber-Eicher da Wechsler a Suwis suka ƙara haske: ƴan tsakin da aka ba rairayi don birgima kawai ba su daina tsiga ba, waɗanda aka ba karan ciyawa da za su tona kuwa sun rage ta ƙwarai. Wannan sakamako yana da muhimmanci a gare mu, domin rairayi shi ne daɓen akasarin akurkanmu, kuma mai kiwo yana iya zaton ya wadatar. Rairayin da ba kome a cikinsa ba ya riƙe bakin kaza.

Abubuwa biyu suna ƙara wa tsiga haɗari. Na farko, jini yana jan hankalin kaji ƙwarai. Da zarar gashi ya fita da ɗigon jini, waɗanda ba su taɓa tsiga ba ma suna taruwa a wurin. Na biyu, kaji suna koyi da juna, don haka halin da ya fara da kaza ɗaya yana iya bazuwa cikin garke. Tsigar da aka bari ta yi makonni tana da wuyar kawarwa ko an gyara abin da ya haddasa ta.

5. Abubuwan da ke tayar da ita a gidajenmu

5.1. Matsi. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta ƙayyade wa kajin ƙwai da ba a keji suke ba kaji 9 a murabba'in mitir ɗaya, da santimitir 10 na bakin mazubin abinci, da santimitir 15 na sandar kwana ga kowace kaza, da gurbi ɗaya ga kaji 7. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, kuma don ƙasashe masu sanyi aka yi ta. A yanayinmu abin da ya dace shi ne kaji 3 zuwa 4 a murabba'in mitir. Akurki mai mitir 2 bisa 3 zai ɗauki kaji 20, ba 50 ba. Sau da yawa kuma ba faɗin ɗakin ne ke kasawa ba, kaskon abinci ne: idan ɗaya ne tak, manyan kaji biyu sun isa su tsare shi.

5.2. Zafi. Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41, ba ta yin gumi, kuma ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a kudancin Nijar yana wuce digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka. Kaza tana haki, tana rage ci, sai abin da take samu na gina jiki ya ragu daidai lokacin da take cikin ƙunci. Kazar ƙwai tana shan wajen rubu'in litir na ruwa a yini, a bazara kuma tana iya ninka shi. Ruwan da ya ƙare da tsakar rana yana jawo rububi da sara a bakin mashaya.

5.3. Haske. Haske mai ƙarfi yana ƙara wa kaji kuzari, yana kuma fito da kowane tabo da ke jikinsu. Akurkin da ragar waya ce ta kewaye shi ta kowane gefe, rana tana faɗawa ciki kai tsaye, ya fi kawo tsiga. Haka nan fitilar da wasu ke bari a kunne dare duka don ƙara ƙwai. Awa 16 na haske a yini sun wadatar. Haske ya fi haɗari a gurbi. Lokacin da kaza ke saka ƙwai naman duburarta yana leƙowa waje, ja, da danshi, kafin ya koma. Idan a fili ta saka, wata tana gani ta kai baki, kuma daga nan ake jawo hanji. Wannan ne ke kashe kaji masu ƙoshin lafiya da cikakken gashi, galibi da hantsi, kuma ya fi yawa ga ƴan matan kaji da suka fara ƙwai da wuri ko suka yi ƙiba.

5.4. Abinci. Kaza mai ƙwai tana buƙatar furotin kashi 16 zuwa 18 bisa ɗari na abincinta, da kalsiyom kashi 3,5 zuwa 4, da gishiri wajen kashi 0,3. Hatsi da dawa suna da furotin wajen kashi 10 zuwa 12, masara 8 zuwa 9, kuma dukansu ba su da kalsiyom da gishirin kirki. Kazar da ke sake tana cike giɓin da gara, da fara, da tsutsa, da ɗanyen ganye. Idan aka rufe ta aka ci gaba da watsa mata tsaba da dusa kaɗai, an yanke mata wannan hanya. Gashi kuwa kusan dukansa furotin ne, mai yawan sinadaran da ke ɗauke da farar wuta, waɗanda jiki ke iya haɗawa daga metiyonin. An tabbatar cewa ƙarancin furotin, da na metiyonin, da na gishiri, kowannensu yana ƙara tsiga. Alama mai sauƙi ita ce: idan kaji sun tsiraita amma ba a ganin gashi a ƙasa, to cinye shi suke yi. Siffar abincin ma tana da tasiri. Abincin kamfani da aka dunƙula ƙwaya-ƙwaya ana cinye shi da sauri; na gari yana ɗaukar lokaci, don haka ya fi rage tsiga. Abinci mai zare, irin dusa da ganye, shi ma yana taimakawa.

5.5. Ƙwari. Ƙwarƙwata da ƙuma suna sa kaza ta riƙa susa tana cire gashinta da kanta, fata ta yi ja, sauran su biyo. Akwai kuma kaskar kaji, wadda ke ɓuya da rana cikin tsagar bangon laka ta fito da dare ta sha jini. Mai duba kaza da rana ba zai gan ta ba, sai ya haska bango da tocila da dare.

5.6. Iri da reno. Hali yana bin jini. A Danmak, J. B. Kjaer da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2001 cewa sun ware zuriya biyu daga iri ɗaya na Leghorn, ɗaya mai yawan tsiga, ɗaya mai ƙarancinta. A jami'ar Purdue ta Amurka, W. M. Muir ya riƙa zaɓen iyali gaba ɗaya bisa yawan ƙwan da suka bayar tare, maimakon zaɓen kaza ɗaya-ɗaya. Sakamakon da ya wallafa a 1996 ya nuna mutuwa ta sauko daga kashi 68 bisa ɗari a zuriya ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a zuriya ta shida, ba tare da yanke baki ba. Reno ma yana da nasa rabo. Ƴan tsakin da suka tashi a ƙarƙashin uwa suna koyon ƙoto a ƙasa tun kwanakin farko, suna kuma samun hutu a duhun fikafikanta. Waɗanda aka reno cikin kwali, ƙarƙashin fitila dare da rana, ba shimfiɗa, sun fi zama masu tsiga idan sun girma.

6. Yadda ake rarrabewa

Kafin a ɗauki mataki, a kama kazar a duba inda raunin yake, sa'an nan a zauna nesa kaɗan a kalli garken na rabin awa, da safe da kuma la'asar.

Rauni a tsoro, ko kewayen ido, ko ƙeya, ga kaza ɗaya ko biyu da ke raɓewa a lungu: saran girma ne. A tambayi abin da ya sauya cikin garken a makon.

Gashi ya tafi a gindin wutsiya, da gadon baya, da cinyoyi, ga kaji da yawa, wasu gasun a karye: tsiga ce. Sau da yawa kazar da gashinta ya fi kyau cikin garken ita ce mai aikin.

Gashi ya tafi a tsakiyar baya da ƙeya, ga matan kaɗai, da ƙarzunan farce a gefe: hawan zakara ne ya yi yawa.

Jini a dubura, ko a ɓawon ƙwai: saran dubura ne, kuma ba ya jira.

Gashi yana zuba daga wuya zuwa baya bi da bi, fata lafiya lau, sabbin gasu suna tsirowa, ƙwai ya tsaya: sauyin gashi ne na al'ada. Sai dai sabon gashi yana da jini a gindinsa, don haka a sa ido. Kada kuma a rikita tsiga da irin kajin nan da wuyansu ba shi da gashi tun ƙyanƙyasa.

7. Matakai

7.1. Na gaggawa. A fitar da duk kazar da ke zubar da jini nan take. A wanke raunin da ruwan da aka tafasa aka sa ɗan gishiri, a shafa maganin rauni irin na aidin, a kare shi daga ƙudaje. A ajiye ta cikin kwando ko keji inda sauran ke ganinta ba sa iya taɓa ta, don kada su manta da ita, kuma kada a mayar da ita sai jan wurin ya ɓace. Baƙin man mota da wasu ke shafawa guba ne, yana shiga jiki, kuma kaji suna haɗiye shi. Idan an gano mai tsigar, a ware ta kwana 7 zuwa 10. In ta koma halinta bayan an gyara akurki, a yanka ta ko a sayar, kuma kada a ɗora ƙwanta don ƙyanƙyasa. A rage haske ta hanyar rataya zana ko buhu a gefen da rana ke shigowa, a bar iska tana wucewa.

7.2. Ba baki aiki. Wannan shi ne babban magani, kuma kayansa suna nan cikin gida. A shimfiɗa ƙaiƙayin hatsi, ko ɓawon gyaɗa busasshe marar fumfuna, ko buntun shinkafa, ko yankakken kara, kaurin santimitir 5 zuwa 10, a riƙa watsa ɗan tsaki a ciki da la'asar don su tona. A rataya zangarniyar hatsi ko ta dawa, da damin harawa, da reshen zogale, daidai tsayin kansu. Masu garka suna iya ba da ganyen salati da na kabeji da suka rage. Tsohuwar dabarar tara gara, wato kifa tukunya mai ɗanyen kara da busasshen kashin shanu a bakin shuri, tana ba da furotin da aikin yi a lokaci guda. A ajiye kasko mai faɗi da rairayi haɗe da toka don birgima, wanda ke rage ƙwari. Inda hali ya yi, a sake su awa ɗaya ko biyu kafin magariba. Da kansu za su koma.

7.3. Gyaran akurki. Mazubin abinci biyu da mashaya biyu, nesa da juna, ta yadda kaza ɗaya ba za ta iya tsare su duka ba. Sandunan kwana a tsayi ɗaya, santimitir 20 ga kowace kaza, a kafa su yadda wadda ke ƙasa ba za ta kai baki ga duburar wadda ke sama ba. Guntun zana a tsaye a tsakiya yana ba wadda aka kora wurin fakewa. Gurbi ɗaya ga kaji 4 ko 5, a wuri mai duhu. Tsohuwar tukunya da aka kwantar a gefenta, bakinta yana duban bango, ta isa. Rufin kwano a ɗora masa kara ko ciyawa. Tsagar bango a liƙe ta.

7.4. Gyaran abinci. Ga misalin haɗi na kilo 100 don kaji masu ƙwai: hatsi ko masara da aka ɓarza kilo 55, dusa 15, tunkuza 15, garin busasshen kifi 5, garin ɓawon kawa ko na dutsen farar ƙasa 9, gishiri garam 300, sauran kuma haɗin bitamin da ake samu wajen masu sayar da maganin dabbobi. Wannan yana ba da furotin wajen kashi 17, kuma kaza ɗaya tana cin garam 110 zuwa 120 a yini. Tunkuza tana da furotin wajen kashi 45 amma metiyonin ɗinta kaɗan ne. Kifi da tunkuzar riɗi suna cike wannan giɓi. A guji wadda ta yi fumfuna sabili da gubar afalatoksin. Idan kifin ko ƙuli-ƙulin da aka samu mai gishiri ne, a rage gishirin haɗin, domin yawansa yana kawo zawo, yana ma kashe ƴan tsaki.

7.5. Shigar da baƙi. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta aƙalla makonni biyu, nesa da garke. Wannan ya zama dole ko don cutar Niyukasal, wadda ke share akurkai musamman da hunturu, da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006. Bayan haka a ajiye ta mako ɗaya a bayan raga inda za su ga juna, sa'an nan a haɗa su da dare, ko a fili mai faɗi. Ya fi kyau a shigar da biyu ko uku tare, masu girma kusa da na ƴan gida. Ƴan tsaki marasa uwa ba a haɗa su da manya.

7.6. Zakaru da zabi. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. A ƙaramin akurki zakara na biyu fitina ne kawai. Ƴan zakaru a ware su tun suna wata uku a yi kiwonsu don sayarwa lokacin salla. Zabi maza suna tsananta da damina, lokacin ƙwansu, kuma suna iya bin zakara har ya galabaita. Zabi da talo-talo da agwagi a yi musu wurin kwana daban.

8. Batun yanke baki

Yanke baki yana rage girman rauni, amma ba ya cire sha'awar tsiga. Bakin kaza cike yake da jijiyoyin ji, da shi take tantance abin da take tsinta. A 1985 Breward da Gentle a Sikotlan suka nuna cewa jijiyoyin da aka yanke wa kajin da suka fara girma suna warkewa da ƙulli mai aika saƙon ciwo. Norwe ta hana yankan a 1974, Finlan a 1986, Suwidin a 1988, Holan a 2019. Manyan wuraren ƙyanƙyasa da ke yin sa suna taɓa ɗan tsinin bakin ne kawai da na'urar zafi, a ranar da ɗan tsako ya fito. Wannan ya bambanta da yanke bakin babbar kaza da almakashi ko wuƙar da aka gasa, wanda ke jawo zubar jini, da ƙin ci na kwanaki, da tsayawar ƙwai. Ga kazar gida akwai ƙarin hasara: za a sake ta bayan girbi, kuma da guntun baki ba za ta iya tsintar tsaba ɗaya-ɗaya ko cire ƙwari daga jikinta ba. Idan cin juna ya ci tura bayan an bi matakan da ke sama, a kira likitan dabbobi ya rage tsinin bakin sama kaɗai, ba tare da kai wa ga nama ba.

9. Kammalawa

Saran girma yana buƙatar fili da lokaci. Tsigar gashi tana buƙatar abin tono, da cikakken abinci, da inuwa, da gurbi mai duhu. Wanda ya rufe kaza ya ɗauki nauyin duk abin da take samo wa kanta a waje, har da aikin da ke cika mata yini. Don haka duk shirin da zai raba wa mata kaji da akurki ya kamata ya haɗa da bayanin shimfiɗa da haɗin abinci tun ranar farko, tun da rigakafi ya fi magani sauƙi da araha.

Ga ɗalibai masu neman batun bincike, akwai ayyuka uku da ba sa buƙatar kayan aiki masu tsada. Na farko, auna lalacewar gashi a sassa biyar na jiki (kai, wuya, baya, gindin wutsiya, ciki) da maki daga 0 zuwa 2, a gidaje iri ɗaya, kafin tsarewar damina da bayanta. Na biyu, gwada ƙaiƙayin hatsi da ɓawon gyaɗa da rairayi tsura a akurkai masu girma ɗaya da abinci ɗaya. Na uku, tattara kalmomin da masu kiwo a Gobir da Katsina da Damagaram da Adar ke amfani da su ga waɗannan halaye, domin ma'aikacin kiwo ya san ko "faɗa" da aka kawo masa ƙara sara ne ko tsiga tun kafin ya ba da shawara.